Mai Korar Ƙuda a Kurmin Ɓauna

Tun da muka dawo daga ƙasar Zazzau ban ɗebi ruwa a rijiya cikin kwanciyar hankali ba. Kafin in zura guga wata ta dafa ni: "Gwaggo Kande, wai da gaske mutanen can ba su san tuwon dawa ba?" Wata ta ce ta ji Barau ya faɗa kogi. Wata ta ce an koro mu da jifa. Na gaji. Shi ya sa na zaunar da Malam na ƙofar gidanmu, na ce ya ɗauko alƙalami da tawada ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mani baki. Duk wadda ta ƙara tambaya ta je ya karanta mata, ni ina da surfe.

Saboda waɗanda ba 'yan Tsiga ba, sai na fara da Nomau. Ɗan marigayi yayana ne, wanda ya shugabanci makaɗan noma na garinmu. Yana rarrafe ya faɗa murhu, yatsun hannunshi na dama suka manne. Uwarshi ba ta daɗe ba bayan nan, riƙonshi ya dawo hannuna, ya tashi a gindin turmina. Ga shi ɗan makaɗi, amma ba ya iya damƙe gula balle ya bugi ganga. Da idon ubanshi ya fara rauni, sai ya riƙa tsayar da shi gaban makaɗa in an je gayya, ya ba shi sillen kara a hannun hagu. Aikinshi ya sa ido kan layin manoma. Wanda ya fara ja baya, ya nuna a buga mashi take. In ya ɗaga karan, kazagi, 'yar ƙaramar ganga, ya shigo. In ya karkata shi, gangar kurya ta ja baya. In ya kwantar da shi ƙasa, kowa ya yi shiru. Da yayana zai cika, ya ce Nomau ne gaba.

Ƙanena Barau bai ji daɗin wannan ba. Shi ke rataya babbar ganga, ga furfura, ga murya. Ko'ina ya zauna sai ya ce, "Ni da kunnena nake kiɗa. Ban taɓa kallon karan nan ba. Ƙuda yake kora." Mati mai kazagi da Audu mai kurya kuwa duk inda Barau ya sa ƙafa nan suke sawa. Aka aje magana a kan cewa da kaka, ranar da za a sake wa babbar ganga fata a ƙofar Mai gari, makaɗa za su faɗi wanda suke bi. In suka ce Barau, Nomau ba shi da wurin tsayawa, don da wannan hannun ko garma ba ya iya riƙewa.

Ana cikin haka, damina ta kankama, sai ga manzo daga Kurmin Ɓauna. Sarkin Nomansu ya taɓa zuwa kasuwar Bakori da jakuna ya ji kiɗan yayana, ya riƙe abin a ranshi. Yanzu zai yi babbar gayya yana son a zo. Bai san mai gangar ya riga mu ba. Barau ya ce za a je. Na ce har da ni.

Ya ce, "Yaya, tafiyar maza ce fa."

Na ce, "To ku nemo mazan. Ni dai na ɗaure kayana."

Na san su. In na bari suka tafi da yaron su kaɗai, kafin su isa Bakori sun ɗora mashi tabarmi da butoci ya zama ɗan dako.

Bakori kun san ta, ba sai na ɓata tawadar Malam ba. Abin da kawai zan ce, Mati ya ci ƙosai, ya ci dambu, ya sha fura, sannan ya ce bari ya taɓa wani abu kafin mu kama hanya. Nomau kuma muka neme shi muka rasa. Can na same shi tsaye bakin maƙera, baki sake, yana sauraren zugazugi da masaba, karan hannunshi na motsi shi kaɗai. Wannan halin nashi shi ya bi mu har ƙarshen tafiya. Masaƙi na jefa ƙoshiya, sai ya tsaya. Jaki ya canza taku, sai ya waiwaya. Saurayi da gemu ya fara tsirowa, amma sai na riƙa kora shi gaba kamar ɗan akuya.

A Funtua, 'yan gidajen nan na gindin dutse, ruwan sama ya kama mu. Fatun ganguna suka saki, in an taɓa sai su ce ɓaf kamar an mari tuwo. Muka isa Maska jiƙe sharkaf, muka sauka gidan wani fatoma mai yawan magana. Garin marina ne, rabin mazan hannuwansu shuɗi har gwiwar hannu, in sun miƙo maka gaisuwa sai ka duba tafinka. Matar fatoman ta ba ni ɗaki mai yoyo ta ce ai iska ce ke shigowa. Da safe aka hura wuta ana gasa ganguna don fata ta ɗame. Mati ya aje kazaginshi kusa da wuta ya tafi bin mai waina, ya dawo ya tarar gefe ɗaya ya yi baƙi. Har yau in kun matsa kusa da shi za ku ji ƙauri.

Daga Maska ba a tafiya kai kaɗai, saboda mahara. Muka shiga ayarin wasu fatake masu kai baƙin zane kudu. Madugunsu mutum ne mai kirki, sai dai ya hana a taɓa ganga a hanya, ko da yatsa. Na ga Barau yana tafiya yana kiɗa a cikinshi.

Iyakar ƙasarmu da ta Zazzau kogi ne, ya cika ya yi ja. Yadda ake ƙetarewa, a zuba kayanka cikin ƙaton masaki, kai kuma ka rungumi gora, mai fito ya tura ka yana iyo. To ga gaskiyar maganar Barau: bai faɗa kogi ba. Ya dai rungumi goran nan kamar uwarshi ce ta dawo, ya rufe ido, ya karanta duk abin da ya iya, da ya ƙare ya koma farko. Mai fiton ya ce mashi, "Baba, miƙe, ai ƙafarka na ƙasa." Ruwan a gwiwarshi yake. Ni kuwa na ƙetare lafiya, kuma ba wanda ya ji abin da na karanta.

A hayin can akwai rumfar mai karɓar kuɗin fito, wani siririn Bazazzagi mai idon shaho. Ya bubbuga kowace ganga ya leƙa ko an ɓoye kanwa ciki. Ya zo kan Nomau, ya dube shi sama da ƙasa, ba ganga, ba kaya, sai sillen kara.

Ya ce, "Shi wannan fa, mene ne aikinshi?"

Barau ya ce, "Ƙuda yake kore mana."

Mutumin ya jinjina kai ya ce, "To ku samo mashi babban kara. Ƙudanmu na nan manya ne."

Duk rumfar aka yi dariya. Nomau ma ya yi. Ni ban yi ba, na dai dubi Barau har ya tuna yana da abin gyarawa a igiyar gangarshi.

Kurmin Ɓauna gari ne a gindin duwatsu, bishiyoyi sun yi mashi duhu. Ganuwarsu ta fi tamu kauri, an kewaye ta da ƙaya, ƙofa ɗaya tak, ita ma jaki da kaya sai ya karkace. A ɗakin ƙofar akwai wata ganga a rataye, an lulluɓe ta da tabarma. Gonakinsu duk kusa da ganuwa suke. Na lura matansu in suna tafiya a waje goyo ɗaure yake tamau, kuma ba su cika taku goma ba su dubi duwatsu ba. Gaisuwarsu gajera ce. Mu in mun haɗu sai mun tambayi gida da gajiya da ruwa da awaki. Su kafin ka buɗe baki sun ce lafiya sun wuce, rabin maganar ma sun haɗiye ta.

Sarkin Noma ƙato ne mai tumbi. Da ya ji yayana ya rasu ya yi addu'a, ya dubi Barau, ya dubi Nomau, bai tambayi komai ba. Aka kai maza zaure, ni aka shigar da ni wurin matarshi, Tani.

Masu tambayar tuwo, ga amsarku. Sun san dawa, amma ba su girmama ta. Abin da suka kawo mana da daraja wai fate, na acca da yakuwa: shi ba tuwo ba, shi ba kunu ba, ba ka san ko ka sa hannu ko ka kafa kai ba. Sai doya da wani jan mai da ke bin leɓe. Na ci don kada a ce 'yan Katsina ba su da ladabi. Na ƙara don kada a ce na farkon dole ce. Mati kuwa ya ce in sun yarda shi ya zama ɗan gari.

Abin da ya burge ni wurin matan nan daka ne. Mu biyu muke hawa turmi ɗaya. Su uku suke hawa. Ta farko ta buga, ta biyu ta bi, ta ukun ba ta sa taɓarya ciki sai ta daki gefen turmi, ta cilla taɓaryar sama ta tafa sau biyu ta cafe. Luguden nan har yana sa ƙafa motsi. Ina kallo sai na hango kan mutum ta saman darni. Na zagaya na kamo shi.

Na ce, "Nomau, a garin mutane? So kake a ce makaɗan Tsiga leƙen mata suka zo?"

Ya ce, "Gwaggo, ba kallo nake ba, ji nake. Kin ji ta ukun nan? Ba ta faɗuwa inda ake jiranta."

Na ce, "Kai ma in ba ka bar nan ba, mari zai faɗo inda ba ka jira."

Da la'asar kuma na gan shi a ƙofar gari, tsugune gaban tsohon da ke gadin gangar nan ta cikin tabarma. Tsohon yana bubbuga mashi wani abu a gwiwa a hankali, yana waige-waige. Ban kula ba. A ranar ne Tani ta ba ni labari muna tsintar acca, cewa wata damina mahara sun sauko daga duwatsun nan ana tsakiyar noma, suka tafi da mutane, har da 'yarta ta fari. Ta faɗa ba kuka, hannunta bai daina tsinta ba. Na jawo faifan na taya ta.

Safiyar gayya maza na ɗaure ganguna, Nomau ya matso kusa da Barau. Muryarshi dama ƙasa-ƙasa take, kamar mai roƙon gishiri.

Ya ce, "Baffa, yau in an kawo fura, kada a yi kiɗan fura. Saboda a nan…"

Barau ya ce, "Tun ba a yi auren uwarka ba nake kiɗan fura. Yau kuma har da ganga za ka koya mani?" Ya saɓi gangarshi ya yi gaba. Mati da Audu suka bi shi.

Kiɗan fura kun san shi. Duk gayyar da aka yi a ƙasarmu, in mata suka ɓullo da ƙore a ka, babbar ganga takan ce "a taho a sha, a taho a sha," kowa ya aje fartanya.

Gonar Sarkin Noma shimfiɗeɗiya ce, daga ganuwa ana hango ta. Maza sun jeru, masu salla da waɗanda ba su yi, kafaɗa da kafaɗa. Gaskiya kiɗi ya yi kyau. Nomau bai san taken kowa ba a garin, sai ya riƙa duban yadda mutum ke sara, ya ba shi kiɗan da ya dace da saranshi. Wani dogo mai jan ƙafa ya ji ganga na bin bayanshi, ya zabura ya wuce na gaba. Ƙasa na tashi, ana kirari. Barau kuwa ya ɗaga haɓa sama yana kallon gajimare, don kowa ya shaida ba kara yake bi ba.

Rana ta take, muka fito daga gari da ƙoren fura, ni ma an ɗora mani ɗaya. Muna dosowa na ga Nomau ya kwantar da karanshi har ƙasa. Mati ya tsaya. Audu ya tsaya. Barau ya juya wa yaron baya, ya gyara tsayuwa, ya saki ganga da ƙarfinshi duka.

Ashe abin da gangarmu ke cewa "a taho a sha," tasu ta cikin tabarma da shi take cewa "a rugo gida." Bugu ɗaya ne, ba bambanci ko na ƙwayar gero. Ba a taɓa shi a garin sai an hango mahara.

Kafin ya maimaita sau uku gona ta watse. Fartanyu a ƙasa, ƙore a ƙasa, fura na malala cikin kunya. Sarkin Noma da tumbinshi ya wuce samari. Wani ya haye ɗorawa. Yanzu kuna dariya, ni ma nakan yi, amma na ga fuskar Tani lokacin da ta yar da ƙwarya ta suri jikanta, kuma ba abin dariya a ciki. Ni kaɗai na ci gaba da tafiya, don ni kunnena fura ya ji. Na isa wurin makaɗa da ƙwaryata a ka, gona ba kowa sai mu. Barau ya tsaya da gula a sama. Can bisa ganuwa kawunan samari sun fara ɓullowa, da bakuna a hannu. Mu baƙi ne, mu muka buga, kuma mu kaɗai ne ba mu gudu ba. Ba sai an gaya mani abin da za su ɗauke mu ba.

Mati ya ce mu ruga daji. Audu ya ce mu ɗaga hannu mu yi ihu. Sai na ji wata murya da ban san Nomau na da ita ba.

Ya ce, "Baffa, dube ni."

Barau ya juyo.

"Ihu ba zai dawo da su ba, kiɗanmu ma ba su san shi ba. Daka za mu yi. Kai ne taɓarya ta farko. Mati, ta biyu. Audu, kai ne mai dukan gefen turmi, kada ka shigo sai na nuna ka, ko da ka ji kamar lokaci ya wuce."

Barau ya ce, "Ni ne mace?"

Na ce, "Yau dai. Kuma ka gode, uwargida aka ba ka."

Wane namiji ne ya taɓa tsayawa ya saurari lugude? Su ukun nan sun yi shekaru suna cin tuwo, ba wanda ya san yadda taɓarya ke bin taɓarya. Kunne ba abin da zai yi masu, don ba su taɓa jin abin ba. Nomau ya ɗaga kara ya sauke wa Barau, ya karkata wa Mati, ya riƙe Audu, ya riƙe shi, sannan ya cake shi. Na farko ya fito kamar jakuna sun shiga rumbu. Ya girgiza kai ya sake. Na biyu Audu ya yi gaggawa. A na uku abin ya zauna. Inda mace ke tafawa, Nomau ya riƙa dukan cinyarshi da hannun nan da ya ƙone, sau biyu, taf taf. Na rufe ido na ji tsakar gidan Tani sak.

Da na buɗe, ba ganuwa na fara duba ba. Barau na duba. Gumi na shiga mashi ido, bai ko ƙifta ba. Idonshi na kan sillen karan nan, in ya yi sama ya bi shi, in ya yi ƙasa ya bi shi, har wuyanshi na miƙewa don Mati ya ɗan tare mashi.

Mata ne suka fara tsayawa a bakin ƙofa. Daga baya Tani ta ce mani ita ta ce, "Wa ke daka a gona?" Wata tsohuwa ta ce ba maharin da zai tsaya yi masu lugude. Wata ta fashe da dariya, ta ce ai wannan dakan gidan Sarkin Noma ne, har da tafin mai taɓarya ta uku. Suka fito a hankali, suna zuwa suna gyara goyo, wasu har sun fara rausaya. Maza suka ga mata sun fita, kunya ta fito da su. Wanda ya haye ɗorawa shi ya zo ƙarshe, ya ce dama leƙen hanya ya hau yi.

Barau ya aje ganga ya durƙusa gaban Sarkin Noma, ya ce laifinshi ne shi kaɗai, an hana shi bai ji ba. Wannan kam na yaba mashi. Sarkin Noma yana haki ya ce tunda ba wanda ya karye, magana ta wuce, amma a taya shi neman takalminshi ɗaya. Furar da ta tsira a duk garin ita ce ta kaina. Aka ba tsofaffi, aka koma aka gama gona da ƙishi, kuma duk yinin ba kiɗan da suke roƙo sai na daka.

Da za mu taho Sarkin Noma ya yi mana alheri, ya fito da riga ya ce, "Wane ne babbanku?" Mati ya dubi Audu, Audu ya dubi ƙasa. Barau ya ce igiyar gangarshi ta kwance, ya sunkuya. Na miƙa hannu na karɓi rigar na ce zan riƙe masu. Raina ya ɓaci, na ce a zuci ashe duk abin nan bai isa ba.

Hanyar dawowa ba wanda ya yi maganar ƙuda, ko a rumfar mai karɓar kuɗin fito. Muka wuce Maska. A wani ƙauye kafin Funtua sai Barau ya ratse ba sallama, ya nufi darnin wani gida, ya duba, ya duba, ya zaro kara mafi tsawo. Matar gidan ta fito tana faɗa, wai baƙi za su rushe mata shinge. Ya zauna bakin hanya ya fiddo wuƙa, ya fere shi, ya kankare gaɓoɓin, ya gwada a iska. Sannan ya miƙa wa Nomau, fuskarshi na kallon wani wuri.

Ya ce, "Ungo. Wancan guntun, in Mati ya tsaya gabana ba na hango shi."

Na ce, "Barau, ai na ji da kunne kake kiɗa."

Ya ce, "Yaya, mu tafi, hadari ya taso."

Sama kuwa tas take. Na kwance ƙunshina a nan bakin hanya na fiddo rigar, Barau ya karɓa ya zura wa yaron da hannunshi, yana mita wai ta yi mashi yawa.

Karan yana nan soke a rufin zaurenmu. Ya yi tsawo ƙwarai, gayyar da aka yi ta bayan nan sau biyu yana ture wa Audu hula. Na ce a rage shi, Barau ya ce wanda ya taɓa shi su haɗu.

Malam, aje alƙalamin nan haka. Wadda ba ta ƙoshi ba ta je ta tambayi Mati, shi zai ba ta labarin fate.